Hayaƙin Da Na Gani Na Yi Shiru

Ranar da aka yanke wa motar mahaifinku hukunci mu shida ne a wurin, kuma ina so a rubuta mu duka, don biyu daga ciki sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu. Akwai Baffa Iliya, ƙanin mahaifinku, wanda aka damƙa wa rabon gado. Akwai Malam Hudu limamin unguwa, yana zaune kan buzu a inuwar darbejiyar ƙofar gida. Akwai Garba bakanike, da Baffa Iliya ya ɗauko daga bakin tasha. Akwai Alhaji Mati, ɗan kasuwar hatsi daga Kurfi, wanda ya ji ana zancen sayar da mota ya zo gani da idonsa. Akwai Habibu, namiji ɗaya tal da Allah ya ba ni a cikinku, lokacin yana da ashirin da uku. Ta shida ni ce, ba wanda ya lissafa da ni, don ina cikin takaba. Ina tsaye ta cikin gida kusa da rumbu, inda damina ta zaftare kan katanga har ana hango waje. Saude, ke kina makaranta a Katsina ranar, ga shi yau ke ce mai riƙe da biro. Ki rubuta yadda na faɗa. Kada ki gyara mini magana, kada kuma ki tsaya kina kallona.

Shekara goma sha ɗaya ke nan kuna riƙe da magana ɗaya, cewa Baffa Iliya da Garba sun haɗa baki da Alhaji Mati, sun kira lafiyayyar mota matacciya, aka sayar da ita a wulaƙance, aka raba Habibu da gadon ubansa. A kan haka kuka daina taka gidan Baffanku. A kan haka 'ya'yanku da jikokinsa suke wuce juna a hanyar islamiyya ba gaisuwa. To ba haka aka yi ba. Zan fara daga inda abin ya faro, don in ba ku san yadda na san motar nan ba, ba za ku gane girman abin da na yi ba.

Ban shiga aji ba, ko a allo ban yi nisa ba, amma na yi shekara talatin ina duba hayaƙi. Mahaifinku akori-kura gare shi mai shan gas, tsohuwa tun ranar da ya saye ta. Yana kwaso wake da gero daga Karofi da Dabawa ya kawo Dutsin-Ma, ranar kasuwa ya wuce Kurfi, in kaya sun yi kyau har Katsina. Yakan ce motar gas da sassafe take faɗin gaskiya, a tashin farko, kafin inji ya ɗumi ya rufa wa kansa asiri. Sai dai wanda ke zaune yana murza makulli ba ya ganin abin da ke fita ta salansa, bututun hayaƙi na baya, dole wani ya tsaya a baya. Tun ina amarya ya ce ni zan tsaya. Ana idar da sallar asuba, kafin unguwa ta fito, sai in yafa mayafi in tsaya bakin zaure, shi kuma ya tayar. Ranar farko ya leƙo ta taga ya tambaye ni abin da na gani, na ce hayaƙi.

"Na san hayaƙi ne, ai ba nono na zuba mata ba. Wane iri?"

"Mai wari."

"To Allah ya kawo ni. Na auro mai hanci, ba ta da ido."

Na ji haushi, na kwana biyu ba na ce mashi komai sai sannu. Amma daga ranar na fara kallo da gaske, sai na gane abin da na sani a bakin murhu shi ne a mota. Baƙin hayaƙi irin na fitila ne in an ɗaga lagwani da yawa, mai ya fi iska. Ko dai iya kilina, matatar iska, ta toshe da ƙura, ko gas na zuba fiye da kima. Shuɗi kuwa irin wanda ke tashi ne in man suya ya ɗiga kan garwashi, inji ne ke cin baƙin mai, ringin cikinsa sun gaji, kuma shi ne mai sa direba ya kasa cin tuwo. Fari shi ne mai ruɗin mutane, don iri biyu ne. Akwai na ruwa, kamar tururin tukunya, ba ya da wari, yana tashi ya ɓace, in ka tara hannu ka ji laima. Wannan ruwan lagireto ne, na sanyaya mota, ya sami hanya cikin inji, babbar magana ce. Akwai kuma na ɗanyen gas da bai ƙone ba, kamar hayaƙin ɗanyen icce, yana kwanciya ƙasa ƙasa, ya ƙi tafiya, ya shiga ido da yaji. Wannan yawanci nozul ne.

Nozul ɗan ƙarfe ne, bai fi tsawon tafin hannu ba. Huɗu ne a motarmu, kowane yana fesa gas cikin inji. Mahaifinku ya taɓa kawo mini wani tsoho har ɗaka, ya ajiye mini kan faifai kamar tsaraba. Ya ce mai lafiya feshi yake yi siriri, yadda mai guga ke fesa ruwa da baki a kan riga. In ya tsufa bakinsa ya buɗe, sai ya koma ɗiga kamar hancin mai mura, gas ya taru ya ƙi ƙonewa, da safe fari, a hawan tudu da kaya baƙi, inji kuma ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa da tsakuwa. Yadda yake gano mai laifi a cikin huɗun, sai ya bar mota na aiki a tsaye, ya buɗe bonet, ya sa sifana ya sassauta notin bututun gas ɗaya bayan ɗaya. In ya sassauta na mai lafiya, inji sai ya yi tuntuɓe, ya nemi mutuwa. In ya zo kan mara lafiya, ƙwanƙwasa ta ɗauke, hayaƙi ya ragu. Shi yana gaba yana saurare, ni ina baya ina kallo, yana ƙirgawa da ƙarfi ina amsawa. Mutanen tasha suna mamakin yadda motarsa ba ta kwana a gareji. Bai taɓa gaya masu ba, ni ma ban taɓa ba. A cikin aurenmu duka, wannan ɗan lokacin na asuba shi ne namu mu biyu, ba dangi, ba 'ya'ya, ba baƙi. Ba mu saba zama mu yi hira ba, shi ba mai yawan magana ba ne, ni kuma kun san ni. Abin da za mu ce wa juna a bayan mota muke faɗinsa.

Habibu bai san wannan aikin ba. Ubansa ya hana shi taɓa mota, boko yake so ya yi, ya zauna a ofis da fanka. Yaron ya gama sakandare, aiki bai samu ba, ya koyi tuƙi a ɓoye wurin abokansa na tasha a kan motocin fetur. Tuƙi kam ya iya, kowa ya shaida. Amma hayaƙi bai san shi ba, lokacin da ake dubawa shi yana barcin samari.

A daminar ƙarshe ƙafafun mahaifinku suka fara kumbura, ita ma motar ta fara nata ciwon. Farin hayaƙi mai yaji da safe, da ƙwanƙwasa. Ya duba sandar baƙin mai, bai ragu ba. Ya duba ruwan lagireto, yana nan cif. Ya ɗauko sifana yana jan ƙafa. Na ɗaya, inji ya yi tuntuɓe. Na biyu, haka. Da ya taɓa na uku sai ƙarar ta ɗauke kamar an rufe bakin yaro, hayaƙin ya yi sirara har ina hango katangar maƙwabta.

"Shi ne," na ce.

"Na ji. Tsohon banza, ya bi sahun maigidansa. Bari a cire wake in kai shi Katsina wurin masu injekta, masu gyaran nozul, aikin wuni ɗaya ne."

"Ka fara kai ƙafarka asibiti."

"Ita ba a sayar da sabuwa."

Bai ga cire wake ba. Motar ta zauna ƙofar gida wata biyu ba wanda ya tayar da ita, kaji suna kwana ƙarƙashinta.

Sai kuma ku tuna irin shekarar. Shekarar da hanya ta lalace ce, ana tare motoci ana shiga da mutane daji. Lawal direba, maƙwabcinmu na bayan gida, ya fita da fasinja da safe, aka tsinci motar a gefen titi ƙofofi a buɗe. Matarsa Hinde takan shigo ta zauna da ni cikin takabata. Wata rana ta ce da ni, ke kin ji daɗi Yaya, kin san inda naki yake kwance. Ita ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta ci gaba da yi ba. Ina kallonta, ina jin Habibu a zaure yana gaya wa abokansa yadda zai yi wa motar fenti, da layin da zai riƙa bi. Duk wanda ya ambata, ta bakin daji yake ratsawa.

To ranar nan da na fara ba ku labarinta, da hantsi aka aro batir aka tayar da ita. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama. Mota ta yi wata biyu a kwance, ga nozul mai ɗiga, sai ta turnuƙe ƙofar gida da fari har Malam Hudu ya janye buzunsa. Ƙwanƙwasar kuwa ta fi ta da. Garba mutumin kirki ne, amma hannunsa a motar fetur da babur ya saba. Ya kara kunne jikin inji, ya zagaya baya ya dubi hayaƙi daga nesa yana toshe hanci da hula. Ko hannu bai tara ba. Da ya tara da ya ji ba laima.

"Baffa, gaskiya ɗaya ce," in ji shi. "Fari ne, ruwa ya shiga. Ƙarar nan kuma ta ciki ce, injin nan gab yake da bugawa. Sai an sauke shi, kuma ko an sauke ni ban ɗauki alkawari ba."

Iska ta kwaso hayaƙin ta tsallako da shi katanga har inda nake. Ya shiga idona da yajinsa, warin ɗanyen gas ya cika mini hanci. Ba ruwa ko ɗigo. Na uku ne, yana nan yadda muka bar shi.

Habibu ya ce a ba shi ita a rabonsa, ko gona ba ya so. Baffa Iliya ya ce in mai tashi ce ai ba wanda ya fi shi cancanta, amma in inji ya mutu, gyaransa zai cinye har abin da ya kamata 'yan'uwansa mata su samu, shi kuma ba zai tsaya gaban Allah da hakkin marayu ba. Maganarsa daidai ce, ku rubuta wannan a zukatanku. Malam Hudu ya ce a bi ta bakin mai sana'a. Alhaji Mati ya ce shi in za a sayar zai ɗauka a yadda take. Sai na ji Habibu ya ce a dakata mashi, na ji takunsa cikin zaure. Na yi sauri na bar katanga na zauna kan turmi na jawo tsintar wake.

Ya tsuguna gabana. Tun yana yaro bai tsuguna mini kusa haka ba.

"Inna, ke kika san motar nan. Me kika gani?"

"Ni me na sani a ƙarfe? Ga bakanike an kawo maku."

"Shekara talatin kina tsayawa bayanta."

"Tsayuwa nake ina yi mashi addu'ar sauka lafiya."

"Na sha jin Baba yana ƙirga, kina amsawa."

"Ka sha jin mafarkinka dai. Kai da rana ke tashe ka."

Ya ƙura mini ido. Idonsa irin na ubansa ne, ba ya ƙiftawa in yana son gaskiya.

"Idonki ya yi ja, Inna."

"Takaba nake, Habibu. Ka je, manya na jiranka."

Ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya fita. Na ji an kashe mota, na ji Malam Hudu ya shafa fatiha, ciniki ya faɗa. Aka ce Alhaji Mati ya zo gobe ya ɗauka.

Lissafina a lokacin mai sauƙi ne. Na ce ba mota, ba hanya. Zai yi fushi wata ɗaya ko biyu, ya kama gonarmu ta Makera, in nema mashi mata, in riƙa jin tarinsa ta bayan katanga har in mutu. Na ɗauka na sayi ransa da 'yan kalmomi. Ban taɓa yi wa ɗayanku ƙarya ba kafin ranar, ko irin wadda ake yi wa yaro don ya sha magani, kuma kun san yadda nake hukunta mai yin ta.

Mako uku bayan nan motar ta shigo tashar Dutsin-Ma daga Kurfi, an lafta mata buhunan gero, tana tafiya sumul, hayaƙinta ko a ido ba a gani. Habibu yana wurin. Ya tambayi direban, direban ya yi dariya ya ce ai ɗan ƙarfe ɗaya aka canja. Daga tasha bai biyo gida ba, gidan Baffa Iliya ya nufa, ya tsaya a ƙofa ya kira shi da sunan da ba a kiran uba da shi, unguwa na ji. Baffanku ya zo nan da yamma, dattijo da furfura, ya zauna a zaure yana rantse mini yana kuka, yana cewa, Yaya, ke kin san ni, ki gaya wa yaron nan ban ci amanar ɗan'uwana ba. Na ce da shi ya yi haƙuri, yaro ne. Iyakar abin da na ce ke nan. Wannan shi ne shiruna na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko tsoro ne, na biyu kunyar kaina ce kawai. Garba kuwa aka sa mashi suna mai kashe inji da baki, masu mota suka janye, ya ƙare yana facin taya har ya rasu.

Habibu ya noma damina ɗaya, ba ya magana da kowa, ya ci tuwo ya kwanta. Da kaka ya ce mini ba zai zauna garin da dangi ke cin dangi ba. Ya tafi Kudu. Kun san sana'ar da ya kama, tankar mai yake ja wa wani, kwana huɗu biyar a kan hanya, hanyoyin da ko sunansu ban iya faɗi ba. Hanyar Kurfi da na hana shi, da yana fita da safe ya dawo ya yi la'asar a masallacin Malam Hudu. Sau biyu ya zo gida cikin shekara goma. Baffa Iliya ya rasu bai zo gaisuwa ba. 'Ya'yansa uku a waya na san su, in na ce masu sannu sai su dubi uwarsu ta fassara. Yana kira ranar salla, ya ce Inna kina lafiya, in ce lafiya lau, ya ce me kike buƙata, in ce ba komai. A bayan muryarsa ina jin inji yana aiki, sai in bar sauraren maganar in koma sauraren injin, in ji ko lafiyarsa ƙalau, tunda shi ne ke ɗauke da shi. Har yau ana idar da asuba nake zama kusa da zaure. Duk motar gas da ta wuce ina sanin ciwonta, ba mai tambayata. Wani lokaci wata babba takan rage gudu a kwanar gidanmu, sai in tsinci kaina na miƙe tsaye.

Saura abu ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambaya a cikinku yadda aka yi Alhaji Mati, mutumin da bai san komai ba sai awon hatsi, ya gano ɗan ƙarfe ɗaya cikin injin da bakanike ya ce ya mutu. Kun ɗauka da ma ya sani. Bai sani ba.

Washegarin ciniki Habibu ya saɓi fartanya tun duku duku ya tafi gona, don kada ya ga fitarta. Rana na ɗagowa Alhaji Mati ya iso da wata mota da igiya. Ina bayan ƙofar zaure na ji yana gaya wa direbansa kada ya wahalar da kansa tayarwa, jan ta za a yi zuwa wurin masu yanka, a sayar da inji a kilo, bodi a yi ƙofofi da murhu. Na ji an fara ɗaura igiya. Motar da na tsaya bayanta da cikin kowannenku. Kujerar da ta lotsa daidai zaman mahaifinku. Na iya rabuwa da ita, amma na kasa barin a yanka ta da ranta. Na ƙwanƙwasa ƙofa ta ciki, na kira shi. Ya matso ya tsaya daga waje, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya.

"Alhaji, a kwance igiyar nan. Motar ba ta mutu ba."

"Hajiya, ai bakanike ya duba."

"Bakanike ya duba da hula a hanci. Ba ruwa a injin nan, baƙin mai ma ba ta ci. Nozul ne, na uku in ka ƙirgo daga gaba. Ka kai shi Katsina wurin masu injekta, wuni ɗaya ne."

Ina ganin takalmansa ta ƙarƙashin ƙofa, ba su motsa ba.

"In haka ne, Hajiya, cinikin nan bai yi ba. Ni ba na cin haram. A kira yaron a ba shi motar ubansa."

"Ba za a kira shi ba."

"Jiya shi ya fi kowa so."

"Na sani, ni na haife shi. Liman ya shafa fatiha, mota taka ce. Abu ɗaya nake roƙo, ka yi mini alkawari tsakaninka da Allah ba wanda zai ji daga bakinka cewa ni na faɗa."

"Za a zage ni, Hajiya. Za a zagi Malam Iliya."

"Za a zaga."

Ya ja numfashi, ya ce ya ɗauka. Ya riƙe kuwa, har yau yana nan Kurfi da zagin a kansa bai buɗe baki ba. Ku je ku same shi, ku ce ni na sake shi daga alkawarin. Ku biya gidan Baffanku ku durƙusa wa iyalinsa. Wannan takardar kuma a aika wa Habibu yadda take, kada a cire komai. In ya karanta ya ga zai iya zuwa, ina nan.

Ranar dai aka kwance igiya, aka tura motar ta tashi. Ban leƙa ba. Na saurare ta tana ƙwanƙwasa har ta sha kwana ta hau hanyar Kurfi, ƙarar ta ɓace. Sannan na koma madafa na dama kunun tsamiya irin wanda Habibu yake so, mai kauri, na zuba sukari fiye da kullum, na rufe da faifai. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa inda zan hango ƙofa, na zauna ina jiran ya dawo daga gona.